Baba Zai Sayar da Fili Don Digirin Otal: Ko Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Anti, barka da aiki. Shekarata 19, na gama sakandare, kuma na samu gurbi a wata makaranta mai zaman kanta da ke ba da digirin gudanar da otal, karatun shekara 4. Tun ina ƙarama nake sha'awar wannan aiki. Matsalar ita ce kuɗin makarantar yana da yawa ƙwarai. Baba ya ce zai sayar da filinsa guda ɗaya tilo, abin da ya rage mu ci bashi a banki. Takardar tallar makarantar ta ce ɗalibansu na zama manajoji a manyan otal-otal na duniya. Kawuna kuwa dariya ya yi, ya ce shekara huɗu zan ɓata don in koyi shimfiɗa zanin gado. Akwai kwalejin gwamnati mai difloma ta shekara 2, kuɗinta bai kai kashi ɗaya bisa biyar na waccan ba, amma ƙawayena sun ce difloma ba ta kai mutum ko'ina. Ina da ƙanne uku a bayana. Me zan yi?

Ƙanwata,

Kada a sayar da filin nan a bana, kuma kada ki sa hannu a takardar bashi a bana. Ban ce ki bar sana'ar ba. Sana'a ce ta gaske, tana ci da miliyoyin mutane, tana kuma kai wasu inda ba su taɓa zato ba. Abin da ya dame ni a wasiƙarki shi ne kina shirin biyan kuɗi mai nauyi kafin ki ɗanɗana aikin ko na mako guda, kuma kina auna kuɗin da albashin babban manaja, albashin da ba za ki gani ba sai kin shafe shekaru a ciki, in ma kin kai can.

Kawu ya yi miki dariya, amma rabin maganarsa gaskiya ce. Makarantar koyon aikin otal mafi daɗewa a duniya tana birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, an buɗe ta tun 1893, kuma kuɗinta sai wane da wane. Duk da haka shekarar farko ta ɗalibanta a kicin take ƙarewa, da ɗakin cin abinci, da gyaran ɗakunan kwana, har da wanke-wanke. A Amurka, makarantar otal ta Jami'ar Cornell, wadda aka kafa a 1922, tana da otal nata a cikin harabar jami'a, kuma ɗalibi ba ya karɓar digiri sai ya kawo shaidar aikin sa'o'i 800 a fagen sana'ar. Su da suka fi kowa tsada ma sun san cewa babu mai otal da zai miƙa makullan gidansa ga wanda bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa a gaban baƙo ba. To idan kin gama shekara 4 ɗin nan, aikinki na farko kusan tabbas teburin karɓar baƙi ne, ko mataimakiyar mai kula da ɗakin cin abinci, ko in kin yi sa'a gurbin manaja mai koyo. Kusa da ke a teburin akwai wadda ta shigo da takardar sakandare shekara 4 da suka wuce, kuma ita ce za ta koya miki manhajar rajistar baƙi. Tazarar albashinku ba za ta yi yawa ba. Wani lokacin ma ita ce a sama.

Ina so ki ga aikin kusa-kusa, domin takardar talla hoton zauren otal take nunawa da fitilu da furanni. Ƙarfe biyu na dare ne, kina kan teburi tun sha ɗaya. Wani baƙo ya shigo jaye da akwati, jirginsa ya yi latti, ya biya kuɗin ɗaki tun mako biyu baya. Kin duba kwamfuta, babu ɗaki, domin otal ya sayar da ɗakuna fiye da waɗanda yake da su, da lissafin cewa wasu ba za su zo ba, sai ga shi yau kowa ya zo. Ba ke kika yanke wannan shawara ba, amma fuskarki ce a gabansa. Za ki ba shi haƙuri ba tare da kin ɗora laifin a kan kowa ba, ki kira otal na kusa ki nemo masa ɗaki a kuɗin otal ɗinku, ki samo masa mota, sannan ki dawo ki rufe lissafin ranar kafin masu aikin safe su iso ƙarfe bakwai. Ranar da kowa ke hutu da iyalinsa ita ce ranar da otal ya fi cika. Akwai mutanen da irin wannan dare yake ƙara musu kuzari, su fito da safe suna jin sun yi abin kirki. Akwai kuma waɗanda wata shida ke isarsu. Ba a gane ko wacce ce ke a aji, kuma sha'awar yarinta ba ta amsa wannan tambaya.

Maganar albashi kuwa, ki dubi yadda otal yake a tsare. Otal mai ma'aikata ɗaruruwa babban manaja ɗaya yake da shi. A ƙarƙashinsa akwai shugabannin sassa da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: na ɗakuna, na abinci, na kuɗi, na talla da ciniki, na ma'aikata, na injiniyoyi. Sauran duk suna ƙasa, inda albashi yake daga cikin mafi ƙanƙanta a kusan kowace ƙasa. Babban manajan babban otal yana samun kuɗi sosai, kuma idan a wata ƙasa aka kai shi, sau da yawa har gida da mota da kuɗin makarantar yara ake haɗa masa. Wannan gaskiya ne, makarantar ba ta yi ƙarya ba. Sai dai hanyar zuwa kujerar kan ɗauki shekara goma ko fiye, da ƙaura daga gari zuwa gari, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka fara tare suna sauka a hanya. A tsakiyar hanyar ma akwai wani rami da ba a faɗa wa ɗalibai: ranar da aka yi miki ƙarin girma zuwa mataimakiyar manaja, a wurare da yawa kuɗin ƙarin lokaci da tukwicin baƙi sun yanke, sa'o'in aiki kuma sun ƙaru. Idan kika raba albashin da sa'o'in da kika yi, za ki iya tarar da cewa mai kai abinci teburi ya fi ki samu a kowace sa'a.

Inda maganar Kawu ta gaza shi ne ya ɗauka aikin otal a shimfiɗa gado ya tsaya. Kuɗin sana'ar yana wurin masu lissafi. Ɗakin otal kaya ne da ba a ajiyewa: ɗakin da ya kwana ba kowa a daren jiya, kuɗinsa ya tafi har abada. Saboda haka kowane babban otal yana da mutumin da aikinsa kawai shi ne tsara farashin ɗakuna, yana ɗagawa yana saukewa gwargwadon rana da yanayi da taron da ke gari. Kamfanonin jiragen sama na Amurka ne suka bunƙasa wannan dabara bayan an sakar musu mara a kan farashi a 1978, otal-otal suka ɗauka daga wurinsu. Ga misali da ƙananan lambobi, ko da wane irin kuɗi kike lissafi. Otal mai ɗaki 100 ya sa farashi 200, ya sayar da ɗaki 60, ya tashi da 12,000. Washegari ya sauke zuwa 150, ya sayar da ɗaki 75, ya tashi da 11,250. Otal ya fi cika, kowa na murna, amma kuɗi ya ragu, ga ƙarin zanin gado 15 na wanki, ga wuta da ruwa, kuma idan ta shafi irin Booking.com baƙin suka zo, sai an cire musu kamasho da kan kai kashi 15 cikin 100 ko fiye. Wanda yake iya hango irin wannan kafin ya faru shi ne ake biya da kyau, kuma yana kwana a gidansa.

Akwai wani abu kuma da yawancin mutane ba su sani ba. Sunan da ke rubuce a saman ginin otal sau da yawa ba na mai ginin ba ne. Kamfanin otal-otal na Marriott ya rabu gida biyu a 1993, ɗaya ya riƙe gine-gine, ɗaya ya riƙe suna da gudanarwa. Yau akwai otal fiye da 8,000 da ke ɗauke da sunayen kamfanin, amma ƙalilan ne mallakarsa. Haka Hilton, haka Accor na Faransa. Attajirai da kamfanonin zuba jari ne masu ginin, su kuma kamfanoni irin Marriott suna karɓar kaso daga ciniki don gudanarwa ko don aron suna. Wannan tsari ya haifar da ayyuka masu albashi mai tsoka waɗanda babu aikin dare a cikinsu: masu sa ido a madadin mai gini, masu kimanta darajar otal kafin a saya, masu nemo wuraren da za a buɗe sabon reshe, akantocin da suka san tsarin lissafin otal na bai ɗaya da aka fara bugawa a birnin New York tun 1926. A nan ne digiri yake aiki, domin waɗannan ofisoshi ba sa kiran wanda ba shi da shi. Shi ya sa da yawa daga ɗaliban Lozan da Cornell ba sa ƙarewa a otal ma, bankuna da kamfanonin gidaje da na kayan ƙawa suke ɗauke su.

To ki ɗauko jerin darussan makarantar taki ki ƙirga. Darussa nawa ne na akanta, na tsara farashi, na harkar gine-gine da jari, na dokar kwantiragi, na sarrafa bayanai a kwamfuta? Idan shekara 4 ɗin yawancinsu jera cokula ne da yadda ake gaishe da baƙo, za a sayar da fili don ki koyi abin da otal zai koya miki a wata uku yana biyan ki albashi.

Sai lissafin kuɗi, kuma wannan ki yi shi da biro da takarda. Ki tara kuɗin makaranta na shekara 4, ki tambaya ko yana ƙaruwa kowace shekara, domin yawanci yana ƙaruwa. Ki ƙara masauki, abinci, kayan sawa na aiki, wuƙaƙen kicin da littattafai. Ki ƙara kuɗin watannin horon sanin makamar aiki, wanda a wurare da yawa abin da ake biyan ɗalibi ba ya ɗaukar nauyinsa, kuma idan a wata ƙasa ne akwai biza da tikitin jirgi. Idan da kuɗin waje ake biyan makarantar, ki tuna canji zai iya tashi alhali filin an riga an sayar a farashin jiya. Sannan ki ƙara abin da kowa ke mantawa: albashin shekara 4 da za ki samu da aiki kika fara.

Masu ba ɗalibai shawara kan bashin karatu suna da wani ma'auni da na yarda da shi: jimillar bashin kada ta wuce albashin shekararki ta farko a wurin aiki. Dalilin a lissafi yake. Bashin da ya yi daidai da albashin shekara 1, idan aka raba shi shekara 10, ko babu ruwa zai ci kashi 10 cikin 100 na albashinki kowane wata, da ruwan kashi 6 kuma ya kai kashi 13. Ana iya rayuwa da wannan. Idan bashin ya ninka albashin sau 3, kusan kashi 40 ne ke tafiya kafin ki biya haya. Inda ruwan banki ya kai kashi 20 kuwa, ruwan kaɗai zai cinye kashi 60 na albashin, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Kuma albashin da za ki sa a lissafin na teburin karɓar baƙi ne, a garin da kike da izinin yin aiki. Kada ki sa na Dubai sai kin riƙe takardar ɗaukar aiki a hannu. Ki je otal uku ki tambayi masu aikin, ko ki duba tallan neman ma'aikata, za ki samu adadin a rana ɗaya.

Filin ma ba kyauta ba ne don babu ruwa a kansa. Shi ne abin da gidanku zai jingina da shi idan ciwo ya zo ko kasuwa ta juya, kuma kin ce akwai ƙanne uku. Sana'ar otal tana saurin jin jiki idan duniya ta rikice. A 2019 masu tafiya ƙasashen waje sun kusa biliyan 1.5, a 2020 annobar korona ta sauke su zuwa wajen miliyan 400. Otal-otal suka rufe, aka sallami ma'aikata, manajoji masu digiri daga manyan makarantu suka zauna a gida tare da kowa. Harkar ta farfaɗo daga baya, amma bankuna ba su daina ƙirga ruwa ba a watannin da aka zauna. Rikicin tsaro ko faɗuwar tattalin arziki kan yi wa gari ɗaya irin wannan ba tare da duniya ta ji ba.

Ƙawayenki sun yi kuskure game da difloma. A wannan sana'a musamman, manajoji da yawa daga ƙasa suka taso, da difloma ko ma babu. A Jamus hanyar da aka saba bi ita ce koyon aiki na shekara 3, yawancinsa a otal saura a makaranta, ana biyan mai koyo albashi, kuma masu wannan takarda ana nemansu a otal-otal na ƙasashe da yawa. Ingila ta fito da tsarin da mutum ke aiki yana digiri kamfani na biya tun 2015. Inda difloma take tsayar da mutum shi ne ƙofar shirye-shiryen horar da manajoji na manyan kamfanoni, irin Voyage na Marriott mai ɗaukar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda sababbin masu digiri ake nema, da ofisoshin nan da na ambata, da kuma bizar aiki a wasu ƙasashe. Amma wannan ƙofa ba yau za ki isa gabanta ba, kuma kwalejoji da yawa suna da yarjejeniya da jami'o'i ta yadda mai difloma zai ƙara shekara ɗaya ko biyu ya cike digiri. Ki tambayi kwalejin ko tana da irin wannan, a rubuce.

Akwai hanya ta uku da ni na fi so ga mai kai irin naki, tunda har kin tsaya kina tambayar riba kafin a kashe kuɗi. Ki yi digirin akanta ko na kasuwanci a jami'a mai sauƙin kuɗi, kina aiki a otal lokacin hutu da ƙarshen mako. Otal zai karɓi mai digirin akanta da ta san teburin baƙi hannu bibbiyu. Banki ko kamfanin sadarwa kuwa ba lallai su karɓi mai digirin otal daga makarantar da ba su san sunanta ba. Idan kina da shekara 27 kika gaji da aikin dare, ko aure da yara suka canza miki lissafi, takardar farko tana buɗe ƙofofi fiye da ta biyu.

Akwai yanayin da zan ce ki tafi makarantar mai tsada. Idan sun ba ki tallafin karatu da ya sauke kuɗin har bashin ya shiga cikin ma'aunin nan, kuma filin ya tsira. Idan kuma sun iya amsa tambayoyi da lambobi. Ki rubuta musu: cikin waɗanda suka gama shekara 3 da suka wuce, nawa ne ke aiki a sana'ar, a wane matsayi, kuma nawa ne matsakaicin albashinsu na farko? Kalmar "manaja" a takardar talla tana iya nufin mai kula da mutum uku a wurin shan shayi na otal. Waɗanne otal ne suka zo ɗaukar ɗalibai bara, da sunayensu? Makaranta ce ke nemo wa ɗalibi wurin horo ko shi zai nema? Hukumar ilimi ta ƙasa ta amince da digirin, har wata jami'a za ta karɓe shi don digiri na biyu? Nawa ne suka fara, nawa suka gama? Sannan ki nemo tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da kanki, ba waɗanda makarantar ta zaɓo miki ba. Makarantar kirki tana da waɗannan amsoshi a ajiye. Wadda ta amsa miki da hotuna da "damarmaki marasa iyaka" ta riga ta ba ki amsa. Ki kuma tambaya tun yanzu game da darussan giya da hidimar mashaya, domin suna cikin manhajar makarantu da yawa, idan wannan abu ne da ba za ki taɓa ba gara ki san matsayinsu kafin kuɗi ya fita.

Abin yi a wannan makon shi ne ki roƙi makarantar ta ɗage miki gurbin zuwa shekara mai zuwa. Makarantu masu zaman kansu da yawa suna yarda, kuma idan suka matsa miki cewa sai yau ko ki rasa, ki lura da wannan ma. Sannan ki nemi aiki a otal mafi tsari da za ki iya samu, ko wane sashe ne. Idan an ba ki zaɓi ki ɗauki teburin baƙi, ki kuma roƙi a sa ki a aikin dare na ɗan lokaci, domin a nan ake rufe lissafin rana kuma a nan za ki ga yadda kuɗin otal ke shiga da fita. Ki riƙa tambayar shugabannin sassa yadda kowannensu ya kai kujerarsa da abin da ya karanta.

Baba kuwa, kada ki je masa da "na fasa". Mutumin da ya yarda ya rabu da filinsa tilo saboda ke zai iya jin kamar kin mayar masa da kyautarsa. Ki zauna da shi da takardar lissafin nan, jimillar kuɗin a gefe ɗaya, albashin farko a ɗaya gefen, da abin da banki zai riƙa cira kowane wata. Ki ce masa kina son aikin har yanzu, shekara ɗaya kike roƙo ki gwada shi da kuɗin otal kafin a taɓa nasa, kuma kina so ƙannenki su tarar da wani abu idan nasu lokacin ya zo. Ki sa rana da shi, wata goma sha biyu daga yau, ku sake zama da takardar albashinki ta gaske da amsoshin da makarantar ta aiko.